Daga Tarna Zuwa Bakin Rumbu: Hanyoyin Da Sani Yake Bi Ya Iso Tasawa Da Mayahi

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, daga Maraɗi zuwa Tasawa tafiyar kilomita 120 ce da ƴan kai. Zuwa Mayahi ma ba ta kai haka ba. Mota mai lafiya takan tashi da hantsi ta iso kafin azahar. A gefen Maraɗi, a Tarna, akwai cibiyar INRAN, wato ma'aikatar binciken aikin gona ta ƙasa wadda aka kafa a 1975. A can ne masana suke gwada iri, suna kiwon ƙwari cikin kwalabe don su gane halinsu. Amma abin da suka gano yau yakan yi shekaru bai iso bakin rumbun mutumin Urafan ko na Kanambakashe ba. Idan ma ya iso, wani lokaci da guntu yake isowa.

Mu da aikinmu ya zama zagayen azuzuwan yaƙi da jahilci, mun daɗe muna lura da wannan al'amari. Mun ga saƙon da ya iso lafiya ya cika rumbu. Mun ga wanda ya zube a hanya ya bar mutane da hasara. Shi ya sa a wannan fitowa muka ga ya kamata mu bi sawun sani, mu ga ta ina yake zuwa, hannun wa da wa yake bi, kuma a ina yake lalacewa.

Rediyo mai kunne

Dattawanmu suna tuna zamanin rediyo-kulob. An kafa ƙungiyar a Nijar a 1962, shekara ɗaya kafin a buɗe ma'aikatar yaƙi da jahilci. Da dare mutanen gari sukan taru gaban akwatin rediyo guda, su saurari shiri a kan noma ko kiwon lafiya. Bayan an gama sai jagoran kulob, wanda galibi malamin lakwal ne, ya buɗe mahawara. Yana da na'urar ɗaukar magana. Abin da mutane suka ce, da yardarsu da musunsu, sai ya ɗauka ya aika Yamai, a saka shi cikin shiri na gaba. Manomi ya ji muryarsa, ma'aikaci kuma ya ji inda shawararsa ta yi karo da halin ƙasa.

Daga wajen shekara ta 2000 aka fara kafa rediyoyin karkara masu aiki da hasken rana, kowace tana magana da harshen mutanen wurin. Wannan ci gaba ne babba. Sai dai darasin rediyo-kulob yana nan: rediyon da ke da baki kaɗai rabin aiki yake yi. Hanyar sani tana bukatar zuwa da komowa, kamar hanyar rijiya.

Buhu mai riga uku

Kowa ya san abin da ƙwaro yake yi wa wake. A sa shi a rumbu da kaka, kafin bazara ya zama gari. Don haka manomi yakan sayar da arha lokacin da kasuwa ta cika, ko ya zuba masa maganin ƙwari wanda ke iya cutar da mai ci.

Tun ƙarshen shekarun 1980 masana na jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na arewacin Kamaru suka gane cewa idan aka hana wa ƙwaron iska, ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu. Daga nan aka samo buhun PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa ɗaya a waje. Amma dabarar ta yi kusan shekara 20 ba ta yaɗu sosai ba. Sai a 2007 aka tashi aikin isar da ita ƙauyuka, kuma masana na INRAN a Maraɗi, irin su Ibrahim Bawa, suna cikin waɗanda suka ja gaba a ƙasarmu.

Yadda aka yi shi ne abin lura. An sanar a rediyo, amma ba a tsaya nan ba. Malamin gona yakan je gari da kaka, a taru a dandali. Wasu mutanen garin su kawo waken kansu, a zuba a buhu a gaban kowa, a ɗaure. Buhun ya zauna a gidan mai shi. Bayan wata huɗu zuwa shida a sake taruwa, a kwance a gaban jama'a, kowa ya sa hannu ya ɗiba ya duba. Gani ya kori ji. An yi irin wannan taro a ƙauyuka fiye da 30,000 cikin ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Aka kuma haɗa da ƴan kasuwa, aka riƙa yin buhun a Kano, domin shawara ba ta da amfani idan mutum ya je kasuwa bai sami abin da aka ce ya saya ba.

Ku duba hannuwan da wannan buhu ya bi: mai bincike, malamin gona, mai magana a rediyo, maigari, manomin da ya yarda ya ba da wakensa, mai masana'anta, ɗan kasuwa. Idan ɗaya ya saki, aikin sauran ya tashi a banza.

Inda saƙo yake zubewa

Mun taɓa ganin haka da idonmu, kuma da laifinmu a ciki. A wani ƙauye arewa da Tasawa mun karanta wa ɗalibai takardar bayanin buhun a gurguje, don rana ta yi, muna son mu kai gari na gaba. Mun faɗi amfaninsa, ba mu tsaya kan sharuɗɗansa ba. Wani magidanci ya sayi buhun, ya cika shi da wake. Ya haɗa bakin riga ukun ya ɗaure da igiya ɗaya, ya jingine shi a ƙasa a lungun ɗaki. Duk sa'ad da aka yi baƙi sai a kwance a ɗebi tiya guda. Ɓera kuma ya huda shi ta gindi. Da bazara ya tarar da wakensa ya lalace. Bai ce ya yi kuskure ba, domin bai san ya yi ba. Cewa ya yi buhun ƙarya ne, kuma garin ya yarda da shi, don shi suka gani. Sai da aka yi kaka biyu kafin wani ya sake gwadawa.

Ga abin da muka tsallake a ranar, muna biyan bashi yau. Wake ya bushe sarai, a sheƙe shi ya fita daga ƙaiƙayi da tsinke. A duba kowace leda, kada a yi aiki da mai huda. A matse iska, a ɗaure leda ta farko ita kaɗai, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. A ɗora shi kan katako, nesa da bango da ɓeraye. Kada a buɗe sai ranar bukata. Waken ci na yau da gobe a ware shi dabam.

Jaka goma sha biyar don gari guda

Murzuna ta addabi hatsin Sahel tun bayan farin farkon shekarun 1970. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare. Takan sa ƙwai a kan zangarniya lokacin da take fitowa. Tsutsar ta ƙyanƙyashe ta riƙa yanka furen tana zagayawa, ta bar wannan zane mai kama da murɗin igiya wanda kowane manomi ya sani. In ta ƙoshi sai ta sauka cikin ƙasa ta kwanta har damana mai zuwa. A mummunar shekara takan ci fiye da rabin amfanin gona.

Masana sun lura cewa a cikin gonakinmu akwai wata ƴar ƙaramar ƙwaro dangin zanzaro, wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Suna kiranta Habrobracon hebetor. Takan harbi tsutsar murzuna ta sandare, ta sa ƙwanta a jikinta, ƴaƴanta su cinye ta. Aibinta ɗaya: ba ta yin yawa sai ƙarshen damana, bayan ɓarna ta riga ta auku. Daga 2006 masu bincike na Nijar da Mali da Burkina Faso suka haɗa kai don su riƙa kiwonta suna sakinta da wuri. Ana sa hatsi da gari cikin ƴar jakar algarara, tare da wasu tsutsotsi da za su zama abincinta, da mata biyu na ƙwaron. A rataye jaka 15 a kewayen gari, a inuwa, inda ruwa ba zai jiƙa su ba. Cikin ƴan kwanaki sababbi su fara fitowa ta ramukan jakar su bazu cikin gonaki. Awon da aka yi ya nuna zangarniyar da aka ceta ta wannan hanya takan fi wadda murzuna ta ci ba tare da taimako ba da kimanin kashi ɗaya cikin uku.

Wannan dabara ba ta mutum ɗaya ba ce. Ƙwaron ba ta san iyakar gona ba: wanda ya biya da wanda bai biya ba duk za ta yi musu aiki. Saboda haka sai gari ya zauna ya yi karo-karo. Idan kuma wani ya fesa maganin ƙwari bayan an rataye jakunkuna, ya kashe mai taimakon kowa. Sannan akwai maganar lokaci. Abin da ke cikin jakar mai rai ne, ba ya jiran mota ta gyaru. Masu kiwonta ba za su san ranar da hatsin Korgom ko na Isawan ya fara fitar da kai ba, sai wani daga can ya gaya musu. A nan labarin da ke tashi daga gona zuwa ga masana ya yi daidai da wanda ke saukowa daga gare su, wajen muhimmanci.

Sanin da ya taso daga gona

Kada a ɗauka kullum daga birni sani yake fitowa. Ku dubi sassaben zamani. A 1983 wani ma'aikacin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a jihar Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sarewa kowace bazara suna fitowa ne daga kututturan itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan an zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bar su, aka rage sauran, cikin ƴan shekaru sai su zama itace. Manoma da yawa sun san haka tun kakanni, musamman game da gawo, wanda ke zubar da ganye da damana ya bar hatsi ya sha rana. Abin da ya yaɗa dabarar shi ne maƙwabci ya ga gonar maƙwabci. Da masana suka gwada hotunan sama na da da na baya, sai suka ƙiyasta cewa an rayar da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raya a gonarsa. Duk wanda ya bi ta Gulbin Kaba ya ga inda aka tsare goruba da kalgo da sabara, da inda aka bar gatari ya yi yadda ya so, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Haka nan maganar takin da ake kira Oga. Gamanar mace galibi tana nesa da gari, a jigawar da ta gaji, kuma ba ta da kuɗin takin zamani. Tarayyar ƙungiyoyin manoma ta jihar Maraɗi, FUMA Gaskiya, wadda ke da mambobi a ƙasar Sarkin Hausa cikin gundumar Mayahi, ta haɗa mata da masana na INRAN da na jami'ar Hohenheim ta Jamus don a gwada fitsarin ɗan Adam a matsayin taki. Ana tara shi a bido, a rufe ruf, a ajiye wata biyu zuwa uku har ƙwayoyin cuta su mutu, kana a zuba a gindin shuka. An sa masa suna Oga don a rage ƙyama, a iya maganarsa a bainar jama'a. Daga 2014 zuwa 2016 mata suka yi gwaji fiye da 600 a gonakinsu, kowace ta raba fili, gefe da Oga, gefe babu. Da aka haɗa lissafi, gefen Oga ya fi da kimanin kashi 30 cikin 100. Matan nan su ne suka yi binciken da hannunsu. Masana sun taimaka da tsari da lissafi.

Ta fannin lafiya

Hanyar da ke kawo labarin iri ita ce ke kawo na magani, kuma a nan kuskure ya fi tsada. Tun shekarun 1960 aka fara horar da ungozomomi da masu ba da taimakon farko a ƙauyukan jihar Maraɗi. Magadansu su ne wakilan lafiya na gari da muke gani da jaka suna bi gida gida.

A 2013 Nijar ta fara ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro lokacin damana. Ana ba yaro daga wata 3 har ya kusa cika shekara 5, sau ɗaya kowane wata, a watannin da sauro ya fi yawa. Kowane zagaye na kwana uku ne. Ranar farko mai rabo ne yake ba yaro da hannunsa. Rana ta biyu da ta uku an bar wa uwa. A nan ne saƙo yakan zube. Wata ta ga yaro lafiya lau, sai ta ɓoye sauran ƙwayoyin don ranar da zai yi zazzaɓi. Wata ta raba wa wansa. Ba rashin kula ba ne, rashin cikakken bayani ne: ba a gaya mata cewa kwana ukun ne tare suke tsare yaro har wata ya zagayo ba. Maganin kuma ba ya ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro.

Akwai kuma ɗan ma'aunin damtse mai launi uku. A da ma'aikacin lafiya kaɗai ke riƙe shi. A gundumar Mirya ta jihar Damagaram aka gwada koya wa uwaye, aka tarar suna aunawa daidai, kuma suna kawo yara asibiti da wuri. Ana auna tsakiyar damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore, lafiya. Rawaya, a kai shi a duba. Ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, a tafi gidan likita a ranar, kada a jira kasuwa ta ci. Haka kuma idan ƙafafunsa biyu sun kumbura. Uwar da ta iya wannan awo ta zama ido na likita a cikin gidanta.

Waya da hasashen damana

Yau kusan kowane gari akwai wayar hannu. Tarayyar majalisun manoma ta ƙasa, RECA, ta buɗe layin da manomi zai kira ya yi tambaya da Hausa, ta kuma yi amfani da WhatsApp, inda mutum zai aika hoton ganyen da ya lalace a ba shi amsa da murya. Amma wayar da ke kawo gaskiya ita ce ke kawo maganin ƙarya da jita-jita a kan rigakafi. Kafin ku yi aiki da saƙo ko ku tura wa wani, ku tambaya: wa ya faɗa? A ina aka gwada? Da me aka gwama shi?

Tun 1998 masana yanayi na yankinmu, tare da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai, suke taruwa kafin damana su ba da hasashe. Sai a fahimci irin maganarsu. Idan sun ce ana sa ran ruwa mai yawa, suna nufin abin da ya fi rinjaye a faɗin yanki, ba alkawari suka yi wa gonar wani ba. Mun sha ganin an yi ruwa a Maijirgi, Tasawa ko ɗigo. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne ma'aunin ruwa a gari, da mutumin da zai duba shi kowace safiya ya rubuta. Malaman gona sukan ba da shawarar a jira ruwan da ya kai milimita 20 kafin a fitar da iri mai tsada.

Abin da ya rage gare mu

A duk misalan nan, wurin da sarƙa ta fi tsinkewa shi ne tsakanin bakin gari da bakin gona. Malamin gona ɗaya yana da garuruwa da yawa. Rediyo ba ya maimaita abin da ya wuce ka. Wanda zai riƙe saƙo da sharuɗɗansa, ya maimaita shi daidai, ya kuma mayar da labarin abin da ya faru, sai ɗan gari mai karatu da rubutu. Da ɗan gari akan ci gari. Don haka muna roƙon kowane aji, da kowace ƙungiyar Mata Masu Dubara, irin waɗanda suka faro a jihar nan tun 1991, su yi waɗannan abubuwa kafin ruwan shuka:

1. A sayi littafin rubutu guda, a sa masa suna littafin gari, a danƙa wa mutum biyu, namiji da mace.

2. A rubuta ranar kowane ruwa da yawansa, ranar shuka, ranar da hatsi ya fara fitar da kai, da ranar da aka fara ganin murzuna ko fara. A sanar da malamin gona a ranar.

3. Duk sabuwar dabara a gwada ta a ɗan fili, a bar wani kamarsa a gefe yadda aka saba. Da kaka a ƙirga dammunan kowane, a rubuta.

4. Idan an zo da bayani, kada a bar mai bayani ya tashi sai ɗaya daga cikinku ya maimaita shi da bakinsa, ya yi da hannunsa.

5. A rubuta ranakun rabon maganin yara, a bi gida gida rana ta biyu da ta uku ana tuna wa uwaye.

6. Abin da bai yi ba, a faɗe shi. Masu bincike suna bukatar labarin gwajin da ya faɗi kamar yadda suke bukatar na wanda ya yi kyau.

Mutumin nan na arewacin Tasawa yana da buhu huɗu a ɗakinsa bara, kowane a kan katako. Shi ne yanzu yake nuna wa matasa yadda ake ɗaurin leda, kuma ba ya barin kowa ya tashi sai ya ɗaura da hannunsa. Ku aiko mana da abin da kuka rubuta a littafin garinku, za mu buga a wannan shafi don na Mayahi su ji na Tasawa, na Tasawa su ji na Mayahi. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raya mana ƴaƴanmu cikin ƙoshin lafiya.